Sarauniyar Masara Ta Hau Taya

A duk faɗin arewa maso yammacin Ohio babu mai ido irin na Lyle Dombek. Wannan ba ra'ayi ba ne, magana ce da aka daɗe da rufewa, kuma shi Lyle ɗin da kansa ya sha tabbatar da ita. Ka ɗago masa ƙofar motar roba daga wancan ƙarshen ɗaki, ƙofar da ba ta kai akwatin ashana ba, zai gaya maka ko sau ashirin da huɗu aka rage motar gaske aka yi ta, ko sau ashirin da biyar. Ga mai aikin yi, wannan bambanci ba komai ba ne. Ga 'yan ƙungiyar masu haɗa motocin roba ta garin Fostoria, waɗanda ke taruwa Talatar farkon wata a ɗakin ƙasa na coci, shi ne bambancin mutum da dabba.

Lyle safiyo ne, ya ƙare ƙuruciyarsa yana auna gonakin mutane yana haɗa maƙwabta faɗa. Ranar da ya yi ritaya ya ce ya gama awo a duniya, ya rabar da kayan aikinsa duka. Chet, tsohon mai kantin magani, yana da wani ma'aunin ƙarfe mai baki biyu da yake zarowa daga aljihu duk sanda gardama ta tashi. Lyle kan dube shi da tausayi ya ce, "Mayar, Chet. Ka ajiye wa makafi."

Abu ɗaya ne ya rage wa Lyle a rayuwa, kuma abin yana hannun Vern Hostetler.

Yana ɗan shekara goma sha biyu ya sayi kwalin haɗa Sarauniyar Masara ta roba, kwafin motar tseren wani manomi da ke fitowa filin bayan gari ranar Lahadi, irin tseren nan na miƙe, mota biyu gefe da gefe, kafin ka gama toshe kunne an gama. Da yamma ɗaya ya haɗa ta, ya ƙarar mata da gam tulu guda. Da bikin huɗu ga Yuli ya zo, ranar 'yancin Amurka, sai ya yi abin da kowane yaro mai hankali yake yi a zamanin: ya cusa mata nokawut ta taga ya kunna. Bodin ya watsu gidaje uku. Shasin ya tsira, da injinsa da tayoyinsa a karkace, da tabon ƙuna a gefen hagu.

Daga baya ne aka gano cewa kamfanin Michigan da ya yi ta bai buga da yawa ba kafin ya daina. Wani kamfanin kuma a Illinois ya yi motar nan dai, ta ɗan fi girma kaɗan, ta ashirin da huɗu, ya cika duniya da ita. Har yau a kasuwar gwanjo ƙarƙashin tebur ake zuba ta. Amma ta Michigan, ta ashirin da biyar, ko bodinta kaɗai mutum ya gani sai ya zauna ya huta. Lyle ya girma, ya yi aure, ya yi furfura, shasin nan yana kan kanta cikin kwalin sigari, yana jiran rigarsa. Ba ya fita da shi daga gida. Hotonsa yake nunawa, gaba da baya, kamar yadda wasu ke nuna na jikoki, har kowa a ƙungiya ya haddace tabon ƙunar.

Vern kuwa direban bas ɗin makaranta ne, mutumin kirki, mai kauri, wanda duk motar da ya haɗa sai ka ga hoton yatsansa a gilashinta. Wata rana, shekaru ashirin da wani abu da suka wuce, ya shigo taro da wani bodi da ya tsinto a gwanjon kayan wata gwauruwa, an lafta masa fentin gida ruwan lemo ciki da waje. Lyle yana can wajen tukunyar kofi. Ya juyo, ya duba, ya kurɓa, ya ce, "Ita ce. Ta Michigan." Chet ya kai hannu aljihu, Lyle ya kalle shi, ya fasa.

Daga ranar Vern ya zama wani. Daga ranar kuma suka shiga jiran juna. Lyle ya yi tayi da kuɗi, ya yi da musaya, har injin yankan ciyawarsa ya taɓa sawa a ciki. Amsar Vern ɗaya ce kullum: "Kai ka sayar min da shasin mana." Duk wata sukan tambayi lafiyar juna, kuma babu wanda ke sauraron amsa da natsuwa kamarsu.

A taron Nuwamban bana, ana cin donat, Vern ya turo kwalin takalmi gaban Lyle. A ciki ga bodin nan mai fenti ruwan lemo.

"Ga ta nan, tsoho. Ka gaji da jira, ni ma na gaji da ganin fuskarka."

"Mutuwa za ka yi?" in ji Lyle.

"Kada ka yi murna da wuri. Dayton zan koma, gidan 'yata. Ta ce in daina hawa tsani, in daina tuƙi, saura in daina magana." Ya ɗora tafinsa a kan kwalin. "Aro na ba ka, ba kyauta ba. Ka wanke ta, ka yi mata fenti, ka ɗora ta a shasinka, mu kai ta baje kolin Toledo a Afrilu da sunanmu mu biyu. Amma ba yanka, ba huji. Ko ƙwarzane na gani, zan dawo daga Dayton da ƙafa."

"Ni za ka gaya wa? Wa ya koya wa ƙungiyar nan cewa ba a sa wa tsohuwar roba zarto?"

"Kai ne. Sau ɗari."

"Ka ga ta zauna kuwa?" in ji Chet. "Ba ku taɓa gwada su tare ba fa."

"Chet," in ji Lyle a hankali, "kai sai ka auna matarka kafin ka gane ta?"

Aka yi dariya, har Chet ɗin.

Lyle ya fara da nasa rabin. Gam ɗin yarinta ba ya jin lallashi, sanyi kawai yake ji. Ya tsoma shasin a ruwa, ya sa a leda, ya kai firiza, don ruwan ya shiga tsagogi ya daskare ya ɓamɓare abin da ya manne. Washegari da safe muryar Arlene, matarsa, ta sauko masa ɗakin ƙasa.

"Lyle, mene ne wannan kwance a kan talotalona?"

"Ilimi ne."

"To ilimin nan ya tashi kafin Alhamis, ƙanwata Doris za ta zo da yaranta."

"Talotalon ba zai ci shi ba."

"Ba shi nake ji wa ba. Wancan karon Doris ta buɗe firiza ta ga mutum ɗan ƙarami ba kai, sai da na ba ta ruwa."

"Direba ne. Kansa daban ake mannawa."

Bayan shiga da fita uku gam ɗin ya saki. Lyle ya baje sassan a kan farin tawul, ya sa gilashin ƙara girma a goshi, ya ɗauki hantsaki. Ya kankare, ya goge da samfefa mai laushi, ya miƙe abin da ya karkace a ruwan ɗumi. Ya yi wa injin wayoyi da zare siriri, kowace waya ta tafi inda takan tafi a motar gaske, ko da yake ba mai bin ta sai alƙalan baje koli, masu leƙa ƙarƙashin mota da tocila da madubin likitan haƙori. Tabon ƙunar ya bar shi yadda yake, don ya yi wa ƙungiya alkawari. Makonnin nan har waƙa Arlene ta ji yana yi, ta tambaye shi ko maganinsa aka canza.

Bodin Vern kuwa ya kwanta cikin roba mai murfi, a ruwan wanke maiƙon inji. Fentin gida ya yi taurin kai har bayan Kirsimeti, sannan ya fara saɓulewa kamar fatar dafaffen tumatir. Lyle ya bi shi da tsohon buroshin haƙori a bakin famfo. Farar roba ta fito, lafiya lau, ba tsagewa ko ɗaya. Ya juya cikin rufin don ya wanke, sai ya ji wasu 'yan tudu a ƙarƙashin yatsa. Ya sauko da gilashi.

Rubutu ne ƙanana, a jikin robar aka zubo shi. Sunan kamfani ne, ƙarƙashinsa kuma sunan gari, da Illinois.

Lyle ya kashe famfo. Ya shanya bodin, ya hau sama, ya ci abincin rana, ya yaba miyar. Ya yi tunanin cewa kamfanoni kan sayi kayan juna. Ya yi tunanin cewa a zamanin akwai ruɗani da yawa a harkar roba, wanda marubuta tarihi ba su gama warwarewa ba. Da wannan ya kwana biyu cikin kwanciyar hankali daidai gwargwado.

Rana ta uku ya ɗauki bodin da hannu biyu ya saukar da shi a kan shasin.

Tayoyin baya suka zauna tsakiyar ramukansu kamar an haife su a can. Na gaba suka tsaya baya da inda ya kamata, suna gogar bakin rami, a gabansu ga fili. Ya tura bodin baya: na gaba suka gyaru, na baya suka ɓaci. Ya raba bambancin biyu, duka huɗun suka ɓaci daidai wa daida. Tazarar ba ta fi faɗin farcen ƙaramin yatsa ba. A ƙungiyar Fostoria wannan kamar mutum ya fito coci ba wando ne.

Arlene ta sauko da kwandon wanki, ta tsaya a bayansa.

"Kai, ta yi kyau. Kamar yaro ya sa kwat ɗin babansa."

"Ba a gama ba."

"Na sani. Amma ba ta yi mata yawa ba?"

"Haske ne. Ƙwan fitilar nan ya tsufa."

"To." Ta zuba kaya a inji. Can ta ce, "In tef ɗin ɗinkina kake so, yana cikin gwangwanin biskit."

Sai da ya ji ta fita da mota sannan ya hau ya buɗe gwangwanin. Tef ɗin ruwan hoda ne. Ya auna sau biyu, don safiyo ne, kuma tef ɗin bai canza ra'ayi ba.

Ya zauna ya duba hanyoyin da ke gabansa, kamar mai neman iyakar gona a cikin ciyawa. Zai iya rage tsawon bodin, amma ba nasa ba ne, kuma Vern ya ce da ƙafa zai dawo. Zai iya sayo shasin Illinois, wanda kuɗinsa bai fi na kofi biyu ba, ya ɗora bodin a kai. Amma siffarsu daban, kuma babu ɗan ƙungiyar da bai haddace nasa ba, sai dai ya ɗauki madubin haƙori ya leƙa sau ɗaya. Zai iya cewa ba shi da lafiya har Afrilu ya wuce, to amma Vern zai aiko da kati, Chet kuma zai zo dubiya da aljihunsa.

Saura biyu. Ko ya tashi ranar Talata gaban kowa ya ce ya yi kuskure, kuskuren da ya shekara ashirin yana zaune daram. Ko ya raba shasinsa biyu a ƙarƙashin kujerar direba, ya ƙara masa tsawo da guntun roba, ya cike, ya goge, ya rufe da fenti. Zai iya yin haka yadda ko madubi ba zai gani ba. Sai dai daga ranar shasin ya tashi daga na Michigan, kuma in bodin gaskiya ya ɓullo wata rana, a wani gwanjo, a wani kwali, ba zai ƙara shigarsa ba har abada.

Lyle mutum ne mai gaskiya, kamar yadda shi ma ya sha tabbatarwa. Ranar Juma'a da hantsi ya share dusar ƙanƙara daga gilashin motarsa ya nufi gidan Vern. A hanya ya shirya maganarsa tsaf. Za ta fara da ruɗanin da ke cikin harkar roba a wancan zamani, ta bi ta kan kaurin fentin gida, ta iso gaskiya a hankali ta ƙofar baya.

Ya tarar da ɗakin girkin Vern cike da kwalaye, kowanne an rubuta masa inda za shi: Dayton, coci, bola. Na bola sun fi yawa.

"Shigo, ɓarawon bodi. Zauna a kan wancan, littattafai ne, ba sa jin nauyi." Vern ya zuba kofi, rabi a kofi rabi a tebur. "Yaya yarinyata?"

"Ta wanku."

"Fara?"

"Fara tas. Vern, ka san a shekarun nan kamfanonin roba..."

"Tsaya ka ga wani abu." Ya shiga ciki ya fito rungume da akwatin gilashi, sabo, da gindin katako. "Surukina ya yi. 'Yata Denise ta ce kwali ɗaya na motoci aka yarda in kawo. Ɗaya. Na ce to, ku riƙe kwalinku, wannan kaɗai zan kawo, a kan talabijin za ta zauna. Wata shida wurina, wata shida wurinka, in ka yi ladabi."

"Sauran fa?"

"Yaran coci. Su fasa su da nokawut, ka san kan abin." Ya zauna da nishi. "Gaskiya, Lyle, me zan yi da su? Shekara arba'in ina haɗawa, ko kofin roba ban taɓa ci ba. Na san yadda suke. Ina gani kuna juya su ta gefen da ba gam kafin ku yaba."

"Ba kullum ba."

"Kullum. Amma ka je Toledo, ka je Columbus, ina shiga zaure sai ka ji ana cewa ga mai bodin Sarauniya. Akwai wani daga California da ya dame ni da waya, wai yana so ya saya, wai in auno masa tukuna. Na ce ɗan'uwa, Lyle Dombek ya gani da idonsa. In kana da wanda ya fi shi a California, turo shi." Ya yi dariya har ya yi tari. "Bai ƙara kira ba."

Lyle ya dubi kofinsa. Maganar da ya shirya tana nan a bakinsa, da kanta da ƙafafunta. Ya lura cewa in ya faɗe ta, mutum biyu ne za su fita daga ɗakin nan ba komai a hannu, kuma ya ji daɗin samun wannan hujja, don ta fi wadda ya zo da ita daga gida kyan gani. Daga baya, duk sanda ya tuna, yakan ce saboda Vern ne ya fasa faɗa. Akwai gaskiya a ciki, kamar kashi ɗaya cikin uku.

"Me kake cewa ne kan kamfanoni?" in ji Vern.

"Launi. Ruwan ɗorawar da suka zana a kwali ba shi ne na motar gaske ba. Na gaske ya fi duhu."

"Kai ka sani. Ni dai ta hau taya in gani." Ya raka shi bakin ƙofa, yana dafe da bango. "Ta zauna dai ko?"

Lyle yana ɗaura maɓallin kwat. "Za ta zauna."

"Chet zai mutu da baƙin ciki."

"Allah ya ba shi haƙuri."

Ranar Asabar bayan karin kumallo ya sauka ɗakin ƙasa ya ja ƙofa. Ya cire injin da kujerar ya ajiye gefe. Ya kifa shasin a kan katako, ya danne shi da yatsu biyu, ya yi alama da fensir a kan sandunan nan biyu da suka bi tsawonsa, nesa da tabon ƙuna. Zarton yana can ƙasan aljihun tebur, siriri, haƙoransa kamar na kifi, bai taɓa taɓa abin da ya girmi jikokin Chet ba. Ya hura masa iska duk da ba ƙura.

Robar ta tsufa, ba ta yi gardama ba. Ja huɗu ko biyar sanda ta farko ta rabu, ta biyun ma ba ta kai haka ba.

"Lyle," Arlene ta kira daga sama, "me kake yankawa?"

"Ba komai."

"Miya ko sanwici?"

"Duk wanda ya samu."

Ya zauna yana kallon rabi biyun, da 'yar tazarar da ke tsakaninsu. Sannan ya share garin robar da gefen hannu zuwa cikin tafinsa. Ɗan kaɗan ne, baƙi, bai kai gishirin da ake barbaɗa wa ƙwai ba. Ya dubi kwandon shara, ya dubi tafinsa, ya zuba a aljihun rigarsa, ya jawo kwalbar gam.